Wasiƙa daga Kiremona zuwa ga Baba da Inna

Kiremona, ƙasar Italiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da dukkan mutanen gida, kamar yadda nake nan lafiya, alhamdu lillahi. Saƙon da Baba ya aiko ta bakin Yaya ya iso gare ni, kuma na ga ya fi dacewa in ba da amsa a rubuce, domin magana ce da ba za ta yiwu a waya ba, inda mutum yake gaggawa yana yanke zance kafin ya kai ƙarshensa. Baba ya tambaya me ya sa koyon aikin katako zai ci shekaru masu yawa haka, kuma wane abinci mutum zai ci da sana'ar da inji yake yin irinta a rana ɗaya. Tambaya ce ta uba mai tunanin gaban ɗansa, don haka zan yi ƙoƙarin bayyana abin da nake koyo filla-filla, sannan in gabatar da wani roƙo da nake da shi.

Abin da muke ƙerawa shi ne biyolin, wato gogen Turawa, tare da manyan 'yan'uwansa biyu, biyola da celo. Yadda ake goga izgar doki a kan tsirkiyar goge ta yi kuka, haka ake yi masa, sai dai shi tsirkiyarsa huɗu ce, kuma jikinsa duka katako ne da aka rarake aka haɗa kamar akwati, ba a rufa shi da fata. Tsawon jikinsa bai wuce santimita 36 ba, nauyinsa kuma bai kai rabin kilo ba, amma guntayen katakon da ake haɗawa kafin ya tsaya sun haura 70. Ana koya mana goga shi gwargwadon yadda za mu iya jin muryar abin da muka ƙera mu gane aibinsa, amma aikinmu ƙira ne da gyara, masu kaɗawa kuwa makarantarsu daban take.

Kiremona ƙaramin birni ne a lardin Lombardiya, a arewacin Italiya, a bakin kogin Po, mutanensa kimanin 70,000, kuma tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci ce a jirgin ƙasa daga Milan. Duk da ƙanƙantarsa, shagunan masu wannan sana'a a cikinsa sun haura ɗari, har mutum yakan bi lungu ya hangi ta taga wani dattijo ya sunkuya a kan tebur yana kankare katako, ya ƙara gaba kaɗan ya ga wata budurwa 'yar ƙasar Koriya tana irin aikin. An kafa makarantarmu a 1938, shekara ɗaya bayan bikin cika shekara 200 da rasuwar Antonio Stradivari, wanda shi ne mafi shahara a cikin maƙeran wannan gari. Makarantar gwamnati ce, tsarin karatunta shekara biyar ne, kuma ban da aikin hannu ana koyar da zane, da ilimin sauti, da ilimin haɗa sinadarai, da tarihin sana'ar. Akwai irinta a Mittenwald ta Jamus, da Mirecourt ta Faransa, da Newark ta Ingila, amma nan ne asalin abin, shi ya sa a 2012 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya ƙirar biyolin ta Kiremona cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana.

Akwai wani abu a tarihin garin nan da nake so Baba ya ji, domin shi ne ya buɗe ƙofar da baƙo irina ya shigo ta cikinta. Wanda ya daidaita sifar biyolin kamar yadda aka san ta yau shi ne Andrea Amati, wanda ya rasu a 1577, kuma sana'ar ta zauna a gidansa tana bin 'ya'ya da jikoki, ba a koya wa bare. A 1630 annoba ta afka wa arewacin Italiya, ta kashe mutane masu yawa, ciki har da ɗansa Girolamo, sai ya zama jikansa Nicolò ne kaɗai ƙwararren da ya rage a gidan. Da ya ga aiki ya fi ƙarfinsa, kuma ba shi da ɗan da ya isa riƙe wuƙa a lokacin, sai ya fara karɓar almajirai daga wasu gidaje, ciki har da Andrea Guarneri, wanda zuriyarsa ta zama gida na biyu a sana'ar. A cikin wannan yanayi Stradivari ya taso, ya yi aiki har ya haura shekara 90 a duniya, ya rasu a 1737, bayan ya ƙera kayan kiɗa sama da 1,000, waɗanda kimanin 650 daga cikinsu suna nan har yanzu. Bayan zamaninsa sana'ar ta yi ta ja baya a garin har ta kusa ɓacewa, kuma abin da ya taimaka wajen farfaɗo da ita shi ne allunan sifa, wato allunan da ake gina jikin biyolin a kansu, da zane-zane da kayan aikin Stradivari, waɗanda wani maƙeri mai suna Giuseppe Fiorini ya saya da kuɗinsa ya ba birnin kyauta a 1930. Suna nan a gidan tarihin biyolin da aka buɗe a 2013, kuma duk lokacin da na tsaya a gabansu ina ganin layukan da ya zana da hannunsa a kan takarda, sai in ji nauyin amanar da ke kan duk wanda aka koya wa wannan aiki.

Yanzu bari in zo ga dalilin daɗewar. Ɗalibin da ya zo da ɗokin ƙera biyolin, abin da ake fara ba shi shi ne dutsen washi. Sai ya iya wasa wuƙa da kurfi har su yanki katako ba tare da sun yage shi ba, sannan a ba shi guntun itace a ce ya daidaita fuskokinsa huɗu. Daga nan sai haɗa katako biyu gefe da gefe, domin fuskar biyolin ba daga allo ɗaya ake yin ta ba, alluna biyu ne ake mannawa a tsakiya. Dole gefunan biyu su haɗu ta yadda in an ɗaga su sama ana kallon fitila, ko ƙyallin haske ba zai ratsa ba, kuma ba a yarda a matse su da ƙarfi don a ɓoye giɓi, domin giɓin da aka ɓoye yau zai buɗe bayan shekara goma a hannun wanda ya saya. Malaminmu ba ya yawan magana, yakan ɗaga aikin ya duba, ya mayar wa mutum ya wuce, ɗalibi ya gane da kansa cewa da saura. Da farko na ɗauka tsanani ne, amma yanzu na fahimci cewa hannu ba ya koyo da bayani, sai da maimaici.

Maganar itace kuwa ita ce zuciyar sana'ar, kuma a nan ne amsar tambayar Baba take. Ana yin fuskar biyolin da wani itace mai suna sifurus, wanda yake da sauƙin nauyi amma yana da ƙarfi a tsaye, kuma mafi shahararsa shi ne na kwarin Fiemme da dajin Paneveggio, a tsaunukan arewa maso gabashin Italiya. Bishiyoyin suna girma a tudu mai tsawon sama da mita 1,500, inda sanyi yake da tsanani kuma lokacin tsiro gajere ne, saboda haka kowace shekara ɗan siririn layi kawai bishiya take ƙarawa, layukan su jeru kusa da juna a miƙe. Bishiyar da ta isa a yi fuskar biyolin da ita takan haura shekara 150, kuma ko a cikin irin waɗannan kaɗan ne suke dacewa, domin wadda ta murɗe, ko ta yi reshe a ƙasa, ko iska ta karkatar da ita, ba ta da amfani a wurinmu. Ana sare su a ƙarshen kaka ko cikin hunturu, lokacin da ruwan jikin bishiya ya ja baya, a faskara gungumen daga tsakiya zuwa waje, sannan a jera a inuwa iska ta busar da shi shekara da shekaru. A ƙarshen Oktoban 2018 wata guguwa da aka sa wa suna Vaia ta kayar da miliyoyin bishiyoyi a wannan yanki cikin dare ɗaya, kuma har yanzu in aka ambaci abin a gaban tsofaffin maƙera sai ka ga fuskarsu ta canza, domin abin da ya faɗi ba zai dawo ba a zamaninsu, ko zamanin jikokinsu. Allon bayan biyolin da gefunansa da wuyansa kuwa da itacen mafal ake yi, mafi yawa daga ƙasashen Balkan irin su Bosniya, wanda ya fi tauri kuma yake da wani zane a jikinsa mai walƙiya in haske ya taɓa shi.

To, abin da inji ba ya iyawa shi ne ya san cewa katako biyu ba sa zama ɗaya, ko da daga bishiya ɗaya aka ciro su. Wani ya fi nauyi, wani ya fi lanƙwasuwa, wani in ka ƙwanƙwasa shi sai ya amsa da ƙara mai tsawo, wani kuma amsarsa a daƙile. Ana fara sassaƙa fuskar daga waje har ta yi doro mai tsawon kimanin milimita 15 a tsakiya, sannan a juya a rarake cikinta har kaurinta ya koma kusan milimita 3, wani wuri ma ƙasa da haka. Muna da ma'aunin kauri da sikeli, kuma muna rubuta komai, amma ma'auni yana kai mutum kusa ne kawai. Sauran aikin yana ga yatsu da kunne: ka riƙe allon ka ɗan murɗa shi ka ji yadda yake turjewa, ka riƙe shi da yatsu biyu kusa da kunnenka ka ƙwanƙwasa, sannan ka yanke shawara ko za ka ƙara kankarewa ko za ka tsaya. In ka tsaya da wuri, biyolin zai fito da murya a shaƙe, in kuma ka wuce gona da iri, zai yi ƙara mai daɗi na 'yan shekaru sannan ya gaji ya lotsa, kuma abin da aka kankare ba ya komawa. Inji yana iya fitar da alluna dubu masu kauri ɗaya, kuma masana'antun ƙasar Sin suna yin haka, suna samar wa yara masu koyo abin da iyayensu za su iya saya, wanda ni ban raina ba ko kaɗan, domin alheri ne. Amma mai kaɗa biyolin da ya mayar da abin sana'ar rayuwarsa yana neman wanda aka auna kowane ɓangarensa da halin katakon da aka yi shi da shi, kuma wannan sani ba ya samuwa sai mutum ya riƙe alluna masu yawa, ya ga yadda kowanne ya kasance bayan an gama. Ɗalibi kuwa a shekara guda abin da yake gamawa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa shekarun suke tafiya.

Hanyar Kiremona ita ce a gina jikin a kan allon sifa da ke ciki. Ana lanƙwasa siraran gefuna, masu kaurin kusan milimita ɗaya, a kan ƙarfe mai zafi, a manna su kewaye da allon, in sun bushe a zare shi. Saboda gefunan suna ɗan bin ra'ayinsu, ba a taɓa samun biyu da suka zama daidai da juna ba. Gam ɗin da muke amfani da shi daga fatar dabba ake dafa shi, ana narka shi a ruwan zafi, kuma dole a shafa a haɗa cikin hanzari kafin ya huce. Wanda bai sani ba zai ce ai akwai gam na zamani da ya fi shi riƙo, amma hikimar ita ce wannan yana saki in aka sa masa ɗumi da danshi, don haka ana iya buɗe biyolin a gyara cikinsa a mayar ba tare da an fasa katakon ba. Da wannan ne kayan da aka ƙera shekara 300 da suka wuce suke aiki har yau, bayan sun bi ta hannun masu gyara da yawa. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin maƙeri yana aiki ne yana tuna wanda zai buɗe aikinsa bayan ya daɗe a kabari, kuma ana horar da mu kada mu yi wani abin da na bayanmu ba zai iya warwarewa ba.

In an rufe akwatin an sa wuya, sai shafa banish, wanda ake dafawa daga ƙaron bishiya da mai, a shafa siriri a bari ya bushe, a sake shafawa, aikin makonni. Daga nan sai abin da ya fi kowanne ƙanƙanta kuma ya fi kowanne ba da wahala, wato wani ɗan sanda mai kaurin kusan milimita 6 da ake zurawa ta ramin da ke fuskar biyolin, a tsayar da shi a ciki tsakanin fuska da baya. Ba a sa masa gam, matsi kawai yake riƙe shi, haka ma jakin da tsirkiyoyi suke hawa kansa. Tsirkiyoyin huɗu in an ɗaure su suna ja da ƙarfin da ya haura kilo 20, kuma wannan ɗan sanda yana cikin abin da ke ɗaukar nauyin, yana kuma isar da girgizar sautin daga fuska zuwa baya. In aka gusar da shi ko da rabin milimita ne, muryar biyolin sai ta canza, har wanda ba ya da kunnen kiɗa ya ji bambanci. Na taɓa ganin malaminmu ya karɓi wani biyolin da mai shi ya kawo yana kukan cewa ya mutu, ya zura ɗan ƙarfensa ya taɓa sandan sau biyu, ya miƙa masa, mutumin ya goga ya tsaya yana kallonsa. Abin da hannunsa ya yi cikin minti ɗaya, shekaru arba'in ne suke bayansa.

Mutane da yawa suna cewa Stradivari yana da wani sirri da ya tafi da shi, ko a banish ko a itace, kuma tsadar kayansa tana ƙara wa maganar ƙarfi, domin a 2011 an sayar da wani biyolin nasa na 1721 a kan fam miliyan 9.8 na Ingila, aka ba da kuɗin ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Japan. A Janairun 2019 ma hukumar birnin nan ta rufe titunan da ke kewaye da gidan tarihin, ta roƙi mutane su rage hayaniya, don a naɗi muryar tsofaffin kayan a adana. Ina girmama wannan duka, amma ni ban yarda da maganar sirri ba. A 2012 an yi wani gwaji a kusa da birnin Faris, aka tara ƙwararrun masu kaɗa biyolin goma, aka sa musu tabarau mai duhu, aka ba su tsofaffin biyolin shida na Italiya da sababbi shida, kuma ba su iya bambance tsoho da sabo ba, har shida daga cikinsu suka zaɓi sabo a matsayin wanda suka fi so. Wannan bai rage wa mutanen da daraja ba, abin da ya nuna shi ne sun kai inda suka kai ne da kyakkyawan itace da ido da doguwar juriya, kuma hanyar a buɗe take ga wanda zai iya bin ta. Da sirri ne, da zamana a nan ɓata lokaci ne.

Inna ta tambayi yadda nake rayuwa. Babban abin da ya fara tsaya mini shi ne harshe, domin da Italiyanci ake koyar da komai, kuma Italiyancin da na koya kafin in zo bai ƙunshi sunayen kayan aiki ba, sai da na riƙa nuna abu ina tambaya ina rubutawa. Abin da ya sauƙaƙa shi ne yawancin abokan karatuna baƙi ne kamar ni, daga Japan da Koriya da Sin da Kudancin Amurka da sauran ƙasashen Turai, kowa yana fama da nasa, ba mai yi wa wani dariya, kuma a kan teburin aiki mutum yakan nuna da hannu abin da bakinsa ya kasa faɗa. Dokar ƙasar ita ce duk ɗalibin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai ya nemi takardar izinin zama cikin kwana 8 na aiki bayan isowarsa, ta ofishin gidan waya, sannan 'yan sanda su ɗauki hoton yatsunsa, kuma ana sabunta ta a kai a kai tare da nuna shaidar karatu da ta abin da mutum zai ci. Takarduna duk suna kan ƙa'ida, kada hankalinku ya tashi. Takardar ta ba ɗalibi damar yin aiki har sa'a 20 a mako, kuma ina amfani da wannan dama ina rage wa kaina kuɗin haya. Abin da ya fi cin kuɗi bayan haya shi ne kayan aiki da itace, domin maƙeri ba ya aron wuƙa, kuma kowa yana fara tara katakonsa tun yana ɗalibi, saboda abin da ka saya bana sai bayan shekaru za ka taɓa shi. In na samu rarar Yuro kaɗan, can take tafiya. Hunturun nan yana da sanyi da hazo mai kauri da ke tashi daga kogi, har wani lokaci doguwar hasumiyar garin, mai tsawon mita 112, takan ɓace wa ido, amma ina da tufafi masu kauri kuma ɗakina yana da ɗumi. Kewarku ce ba ta da magani, musamman da yamma in an tashi daga aiki.

Game da abinci a sana'ar, ba zan ɓoye wa Baba komai ba. Sabon maƙeri ba ya samun mai sayen aikinsa da sauƙi, domin a nan kaɗai yana gogayya da shaguna sama da ɗari, wasunsu sun yi suna tun kafin a haife ni, kuma da yawa daga waɗanda suka gama makaranta ba sa rayuwa da ƙira zalla. Abin da ke riƙe mafi yawansu shi ne gyara, kuma gyara ba ya yankewa. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, shi ya sa ake son a ajiye biyolin inda danshin iska yake tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kuma duk inda yanayi ya fita daga wannan, gam yana saki, fuska tana tsagewa, wuya yana sunkuyawa. Izgar bakan da ake goga biyolin da shi ma tana ƙarewa, sai an sake ta lokaci zuwa lokaci. Ko biyolin ɗin masana'anta, in ya fito daga kwali, sai ya bi ta hannun wanda ya san aiki kafin ya kaɗu yadda ya kamata. Duk ƙasar da ke da makarantun kiɗa da ƙungiyoyin makaɗa tana bukatar irin wannan mutum, kuma a wurare da yawa na duniya babu shi, sai dai a ɗauki kaya a kai wata ƙasa. Wanda ya iya gyaran biyolin kuma hannunsa ya faɗa ga gyaran sauran kayan kiɗa masu tsirkiya.

Akwai kuma wani fanni da nake sa ido a kansa, wato maganar itacen da ke ƙarewa. Allon da yatsu suke dannawa a wuyan biyolin ana yin sa ne da wani baƙin itace mai tauri, ɗan'uwan kanya, wanda ake kawowa daga Kamaru da Madagaska da Indiya, bakan kuma mafi kyawunsa da itacen fernambuko ake yi, wanda a Brazil kaɗai yake fitowa. Dukansu sun yi ƙaranci saboda yawan sara, har yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da dabbobi, wato CITES, ta sanya fernambuko cikin jerinta a 2007, ta kuma sanya baƙin itacen Madagaska a 2013, don haka ba a ƙetare iyaka da irin wannan katako sai da takarda. Maƙeran da za su yi aiki shekara talatin masu zuwa dole su nemo wasu itatuwan su gwada su, kuma wanda ya san yadda ake gane halin katako shi ne zai iya wannan bincike. Ina ganin akwai gurbi a nan ga wanda ya shirya.

Wannan ya kawo ni ga roƙon da nake da shi. Makaranta tana koya wa mutum yadda zai ƙera sabo daidai, amma gyaran tsohon abu mai daraja, da saurin hannu, da yadda ake sauraron mai kaya a gane abin da yake nufi in ya ce muryar ba ta yi masa ba, waɗannan a shagon ƙwararre ake koyonsu, mutum yana zaune a gefensa yana yi masa aiki. Kusan duk wanda ya zama wani abu a sana'ar nan sai da ya yi wannan zama bayan makaranta. Ina roƙon Baba da Inna su yarda, in na kammala, in ƙara shekara biyu ko uku a ƙarƙashin wani malami kafin in dawo, ko a nan ko a wata ƙasa da na samu gurbi. A wannan lokaci za a riƙa biyana, ko da ba yawa, don haka nauyina zai sauka daga kanku, kuma zan bi ƙa'idar hukuma wajen sauya takardar izinina. Na san kun ƙosa ku gan ni, ni ma haka, kuma na san Inna tana lissafin shekaruna tana tunanin abin da ya kamata a ce na yi zuwa yanzu. Amma in na dawo da rabin sani, zan zama mai takarda wanda ba a iya damƙa wa kaya masu tsada, kuma wahalar da kuka sha a kaina ba za ta biya ba. Ban yi wa kowa alkawari ba, kuma ba zan yi ba sai na ji daga bakinku. In Baba ya ga akasin haka, zan saurari dalilinsa da zuciya ɗaya, domin albarkarku ta fi mini kowace ƙwarewa.

Na aika wa Yaya hotunan aikin da nake kai yanzu, tun daga katakon da ba a taɓa ba har zuwa inda na tsaya, don ya nuna muku a wayarsa, kuma na roƙe shi ya karanta wa Inna wannan takarda a hankali, ya kuma rubuto mini duk tambayar da ta taso. In an sa tsirkiya zan naɗi muryarsa in aiko ku ji. Ina sa ran zuwa gida a dogon hutu in Allah ya hore kuɗin jirgi, sai mu ƙarasa maganar baki da baki.

A gaishe mini da Kawu da Gwaggo da iyalansu, da ƙannena duka, a ce wa Auta ta dage da karatu. Ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a kamar yadda kuka saba. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri, ya sada mu cikin aminci.

Wassalam.

Naku ɗa mai biyayya.